Gidajen haya masu rahusa a ƙasar Hausa

Gidajen haya masu rahusa su ne gidaje ko ɗakunan da ake bayarwa haya a kan kuɗin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya biya ba tare da ya rasa na cefane da na magani ba. Wani lokaci gwamnati ce ke gina su, wani lokaci hukumar wakafi ko wata ƙungiya, wani lokaci kuma ɗan kasuwa ne da ya yanke wa kansa iyakar ribar da zai ci saboda wata manufa. Wannan nau'i na ƙarshe shi ake kira kasuwanci mai manufa: ana karɓar haya, ana rubuta lissafi, ana son uwar kuɗi ta dawo, amma ba a ƙara farashi don kawai an ga ɗan haya ba shi da inda za shi.

A ƙasar Hausa mafi yawan ɗakunan da talaka ke haya ba na gwamnati ba ne, ba kuma na kamfani ba. Na ɗaiɗaikun mutane ne: 'yan kasuwa, tsofaffin ma'aikata, da magada. Batun ya ƙara nauyi a garuruwan arewacin Jihar Zamfara irin su Ƙaura Namoda, Shinkafi, Zurmi da Dauran, inda rashin tsaro ya koro mutanen ƙauye zuwa cikin gari.

Ma'auni

Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da gida ke samu. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 a wata. A bisa wannan ma'auni, mai irin wannan albashi bai kamata ya biya fiye da naira 21,000 a wata ba. Sai dai ma'aunin an tsara shi ne domin mai albashi. Manomi, ɗan acaba, mai sayar da itace ko matar da ke tuyar ƙosai ba su da wani adadi tsayayye da za a cire kashi 30 daga ciki. Ga irin waɗannan, lokacin biya ya kan fi yawan kuɗin muhimmanci. Wanda zai iya fitar da ɗan abu duk ranar kasuwa ba lallai ya iya tara kuɗin shekara a dunƙule ba.

Tarihi

*Masauki da fatoma*

Kafin zuwan Turawa, karɓar kuɗi don mutum ya kwana a ɗaki ba abu ne da ya yaɗu ba. Baƙo ya kan sauka wurin mai unguwa, ko wurin malami, ko a zauren wani mai hali. Idan ya yi niyyar zama, sai a yanka masa fili ya gina, 'yan uwa da maƙwabta su taya shi da gayya. Kayan ginin, wato tubali, azara da ciyawa, duk a kusa ake samunsu.

Inda masauki ya zama sana'a shi ne a harkar fatauci. A manyan kasuwanni akwai wanda ake kira fatoma, ko kuma maigida a zangunan Hausawa na kudu. Shi ke saukar da fatake, ya ba su ɗaki da abinci, ya adana musu kaya da kuɗi, ya haɗa su da dillalai, ya kuma tsaya musu idan an sayi kayansu bashi. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Ribarsa tana fitowa daga la'adar cinikin da aka yi ta hannunsa. Masaniyar tattalin arziki Polly Hill ta yi rubutu a kan wannan tsari a kasuwar shanu ta Kumasi a 1966, Abner Cohen kuma ya bayyana shi dalla-dalla a littafinsa na 1969 mai suna *Custom and Politics in Urban Africa*, wanda ya rubuta a kan unguwar Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916. Cohen ya nuna cewa ƙarfin maigida a cinikin shanu da goro ya dogara ne a kan yawan gidajen da yake da su, domin wanda ba shi da ɗakin saukar baƙo ba zai samu baƙon da zai sayar wa kaya ba. A gidajen nan har malamai da yaran gida da marasa galihu kan samu wurin kwana.

Abin lura a wannan tsari shi ne ɗakin ba shi ke ciyar da kansa ba. Wata sana'a ce ta daban ke ɗauke da nauyinsa. Wannan dabara za ta sake bayyana a kusan duk inda aka yi nasarar riƙe haya a ƙasa na dogon lokaci.

*Jirgin ƙasa da sababbin unguwanni*

Haya irin ta yau, ta kuɗi a hannu duk wata ko duk shekara, ta yaɗu ne tare da mulkin mallaka. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ba da jimawa ba aka kafa Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. A can aka fara ganin gida mai ɗakuna a jere, kowane ɗaki da iyalinsa, banɗaki da madafa na kowa da kowa. Fagge, wadda tun da can masaukin fatake ce, ita ma ta koma unguwar haya. A 1929 reshen layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda, garin ya zama wurin tara gyaɗa da auduga, ya kuma jawo ma'aikatan jirgi, 'yan dako da wakilan kamfanoni, waɗanda duk ke bukatar wurin zama.

*Shirye-shiryen gwamnati*

A 1956 aka kafa Nigerian Building Society, wadda a 1977 ta koma bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya, FMBN. Gwamnatin Shehu Shagari ta ƙaddamar da shiri a 1980 na gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara. Ba a cimma adadin ba, kuma an soki shirin da cewa an kai gidaje da yawa bayan gari inda babu ruwa, babu hanya, amma har yau ana kiran unguwanni da sunan "Shagari" ko "Lokos" a garuruwan Arewa. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci a zuba a ciki, shi kuma ya samu damar karɓar rance mai ruwan kashi 6 cikin 100 na tsawon shekara 30. Daga baya FMBN ya ƙara tsarin haya-har-mallaka, inda kuɗin hayar da mutum ke biya ke taruwa har gidan ya zama nasa.

Duk waɗannan shirye-shirye sun fi karkata ga mallakar gida, kuma ƙofarsu takardar albashi ce. Wanda ke neman ɗaki ɗaya na wata shida bai shiga lissafinsu ba.

Lissafin sana'ar

Abin da ke hana haya sauka ba koyaushe haɗamar masu gidaje ba ne. Akwai lissafi a ciki. A ƙaddara, don misali kawai, ɗaki ya ci naira miliyan 2 wajen gini, da kasonsa na fili da banɗaki da rijiya. Idan aka sa hayarsa naira 100,000 a shekara, abin da ke shigowa kashi 5 cikin 100 ne na jarin, kuma sai an shekara 20 kafin uwar kuɗi ta dawo, ba a cire gyaran rufi, kwashe masai da watannin da ɗakin zai zauna ba kowa ba. Idan kuwa rancen banki aka ci aka yi ginin, a ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, na bankunan kasuwanci kuma sama da haka. Ruwan miliyan 2 kaɗai zai haura naira 500,000 a shekara, wato ninki biyar na hayar. Saboda haka ba a iya gina gidan haya mai rahusa da rancen banki na yau da kullum, ko da an ajiye batun haramcin riba a gefe. Sai da kuɗi mai haƙuri: na aljihu, na wakafi, na ƙungiyar haɗin gwiwa, ko na mai zuba jarin da ya yarda da riba kaɗan.

Abu na biyu kayan gini ne. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yunin shekarar sun ɗaga farashin siminti, rodi, kwanon rufi da kuɗin dakon su. Akwai masana'antar siminti a Kalambaina kusa da Sakkwato, wadda aka kafa tun 1962 kuma yanzu take hannun BUA, amma kusancinta bai hana tsada ba. Ginin ƙasa ya fi arha, ya kuma fi sanyi a bazara, sai dai yana son yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina. Magina da yawa kan bi tsaka-tsaki: harsashi da bulo, bango da ƙasa, rufi da kwano. Matsalar ita ce kasuwa tana raina ginin ƙasa, kuma banki ba ya ɗaukarsa a matsayin jingina mai ƙarfi.

Na uku fili ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ke ba da takardar mallaka a birni, ƙaramar hukuma kuma ke ba da ta gargajiya a karkara. A ƙananan garuruwa filaye da yawa suna tafiya ne da takardar ciniki mai sa hannun shaidu da mai unguwa ko hakimi. Wannan ya isa a zauna lafiya da maƙwabta, amma bai isa a je neman jari da shi ba.

Na huɗu shi ne yadda ake karɓar kuɗin. Al'adar biyan shekara guda a gaba, haɗe da la'adar dillali, ita ce ta fi kayar da talaka. Jihar Legas ta yi doka a 2011 da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya a gaba daga mai hayar shekara, abin da ke nuna yadda lamarin ya kai. Mai gida yana neman kuɗin shekara ne don tsoron kada a zauna masa a ƙi biya, kuma fitar da mutum da iyalinsa abu ne mai nauyi a gari da kowa ya san kowa. Mai kasuwanci mai manufa ya kan ɗauki wannan haɗari a kansa, ya karɓa wata-wata ko mako-mako, ko ya daidaita lokacin biya da kaka idan manoma ne a gidan. Hakan na bukatar mutum tsayayye mai bi ɗaki-ɗaki da littafi, wanda albashinsa shi ma daga hayar zai fita.

Matsayin fiƙihu da wakafi

Haya halal ce a mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, da sharaɗin a san kuɗin, a san wa'adin. *Risala* ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta bayyana cewa mutuwar mazaunin gida ba ta warware yarjejeniyar haya. Ma'ana, matar mamaci da 'ya'yansa suna da haƙƙin zama har wa'adin ya cika. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ a 2019, suna amfani da ijara, inda banki ke sayen kadara ya ba da ita haya. Wannan ya kauce wa riba, amma bai sa kuɗin ya yi arha ba, domin bankin shi ma yana neman abin da zai raba wa masu ajiya.

Wakafi shi ne a tsare asalin dukiya, ba a sayarwa, ba a kyauta da ita, ba a gadonta, a riƙa ciyar da amfaninta ta hanyar alheri. Malamai kan kafa hujja da gonar Sayyidina Umar ta Khaibar da rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya a Madina. Ga harkar gidaje, wakafi yana magance matsaloli biyu. Ba a bin sa kuɗin ruwa, sannan ba ya shiga rabon gado. Na biyun ba ƙaramin abu ba ne. Sau da yawa attajiri kan bar 'yan haya a farashi mai sauƙi shekara da shekaru, ranar da ya rasu magada su sa gidan a kasuwa don a raba, wanda ya saya kuma ya ninka haya ko ya rushe ya yi shaguna. Alherin ya mutu tare da mai shi domin ba a rubuta shi ba.

Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙiro a ranar 1 ga Oktoban 1996 kuma ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoban 1999, ta kafa Hukumar Zakka da Wakafi, Sakkwato da wasu jihohin Arewa ma suna da irinta. A al'adance dai wakafin da aka fi sani a ƙasar Hausa na masallaci ne, da makaranta, da rijiya, da maƙabarta. Wakafin gida ko shago mai kawo haya, wanda ya yi ƙarfi a Masar da Turkiyya da Hijaz, bai kai haka yaɗuwa ba.

Misalai daga wasu ƙasashe

Tsohon misalin da aka fi ambata shi ne Fuggerei a birnin Augsburg na Jamus, wanda attajiri Jakob Fugger ya kafa, aka rubuta takardarsa a 1521. Gidaje 67 ne, hayar shekara kuma har yau ba ta kai yuro ɗaya ba, santi 88 ce, ban da kuɗin wuta da ɗumama ɗaki. Sharuɗɗan shiga su ne mutum ya kasance mabuƙaci, ɗan Katolika, mazaunin birnin, kuma ya riƙa yin addu'a uku kullum. Abin da ya riƙe shi shekara 500 ba hayar ba ce, dazuzzukan katako ne da gidauniyar ta mallaka. Tsarin ya yi kama da wakafi ƙwarai, ya kuma yi kama da na fatoma ta fuskar cewa wata dukiya ce ke ciyar da ɗakin.

A Landan, George Peabody, ɗan kasuwa Ba'amurke, ya ba da fam 150,000 a 1862 don gina wa talakawa gidaje, gidauniyarsa kuma tana nan tana aiki. A 1865 Octavia Hill ta karɓi kuɗi daga marubuci John Ruskin ta sayi wasu lalatattun gidaje a unguwar Marylebone, da alkawarin ba shi ribar kashi 5 cikin 100 kawai. Ita da matan da ta horar suna bi duk mako su karɓi haya, abin da ya ragu a yi gyara da shi. Ba ta sassauci ga wanda ya ƙi biya, kuma an soke ta da yawan shiga rayuwar 'yan haya. An kuma soki gidajen Peabody da cewa mai aikin yi tsayayye ne kaɗai ke iya biyansu, talaka tilis bai samu shiga ba. A wannan zamani Muhammad Yunus na Bangaladash, wanda ya samu kyautar Nobel a 2006 tare da bankin Grameen, shi ya yaɗa ra'ayin kamfanin da ke mayar wa mai jari uwar kuɗinsa kawai, riba kuma ta koma cikin aikin.

A arewacin Zamfara

Ƙaura Namoda tana da tsohuwar kasuwar haya saboda tashar jirgi, sannan saboda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983, wadda ɗalibanta da ma'aikatanta ke kama ɗakuna a cikin gari. Shinkafi tana da babbar kasuwa da ke jawo fatake har daga Jamhuriyar Nijar, don haka ta san masauki irin na fatoma. Zurmi da Dauran, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Zurmi, garuruwan manoma ne da akasarin mutane ke zaune a gidajen gado, haya kuma ta malaman makaranta ce da ma'aikatan asibiti da jami'an tsaro da aka turo daga wani wuri.

Hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta a shekarun 2010 sun sauya wannan. Ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu suka nufi garuruwan da ke bakin titi. Akasarinsu ba sansani suka shiga ba. Sun rarrabu ne a gidajen dangi, a azuzuwan makarantu, a kangaye da gine-ginen da ba a gama ba, waɗanda ke da ɗan abin hannu kuma suka kama haya. Yawancinsu mata ne da yara. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta sha bayyana yawan yaran da ke fama da tamowa a yankin, kuma cunkoso a ɗaki ɗaya da ƙarancin masai na taimaka wa yaɗuwar ƙyanda da amai da gudawa.

Ta fuskar sana'a, wannan kasuwa ce mai wuyar sha'ani. Masu neman ɗaki sun yi yawa, amma abin da za su biya da shi, wato gona da dabbobi, shi ne aka raba su da shi. A 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci don yaƙar 'yan bindiga, abin da ya tsayar da ɗan cinikin da 'yan haya da masu gidaje ke dogaro da shi. Mai kuɗin da zai iya gini ya kan gwammace ya kai jarinsa Gusau, Sakkwato ko Kano, inda ba ya tsoron hanya kuma gidan zai yi daraja. Ga kuma tambayar da ba mai gini da zai tsallake ta: waɗannan mutane zama za su yi, ko za su koma gida da zarar an samu lafiya? Mai ginin bulo na shekara 20 yana bukatar amsa, shi kuwa ɗan gudun hijira kowace damina zuciyarsa na gonarsa.

Abin da ke ɗauke da nauyin a aikace shi ne tsohon tsari. Mai gida ya ba da ɗaki aro har a ga abin da hali zai yi, ko ya karɓi hatsi a madadin kuɗi, ko ya bar mutum ya zauna a kango da sharaɗin ya rufa shi ya kuma tsare shi. Mai unguwa ko limami kan tsaya a matsayin shaida. Irin wannan yarjejeniya ba kasafai ake rubuta ta ba, kuma idan an samu saɓani wanda ke zaune a ɗakin ne ke da rauni, musamman macen da mijinta ya rasu ko aka sace, wadda ba ta da namijin da zai je zaure ya yi magana a madadinta.